Kiwon Faret a Ƙasar Kebbi: Daga Sanyaya Ɗaki Zuwa Kwanon Abinci

Faret wata 'yar dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, fuskar kamar an rambaɗa mata kwalli. Masu kallon bidiyon dabbobi a TikTok da Facebook sun san shi: ya sunkuci safa ya ruga ƙarƙashin kujera, ko ya yi ta tsalle a karkace baki buɗe kamar wanda aka kaɗa wa kalangu. Danginsu ɗaya da bodari, shi ya sa yake da ɗan warinsa. Asalinsa wata dabbar dajin Turai ce da mutane suka horar fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna tura shi rami ya koro musu zomaye. Sunan daga Latin ya samo asali, ma'anarsa "ɗan ɓarawo", kuma duk wanda ya wayi gari ya rasa makullin babur ɗinsa zai yarda sunan ya dace da mai shi. Namiji yana kai kilo 1 zuwa 2, mace ba ta cika wuce kilo 1 ba, kuma in an kula da su suna yin shekara 6 zuwa 10.

Masu rubutu kan kiwonsa a Ingila da Amurka da keji suke farawa, sai abinci. Wanda ke Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri dole ya fara da abin da zai iya kashe dabbar cikin yini ɗaya.

Mataki na farko: auna zafin ɗakin kafin ka biya ko sisi

Faret ba ya gumi yadda mutum ke yi, ga gashi mai kauri, ga zafin jikinsa da ma yana tsakanin digiri 38 da 40. Ya fi sakewa a ɗakin da ke tsakanin digiri 15 da 24. Daga 27 ya fara wahala. Ya wuce 30, ana maganar rai da mutuwa, wani lokaci cikin abin da bai kai awa ba. To a nan ƙasar, daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 abin yau da gobe ne, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi waje zafi da azahar.

Saboda haka ka sayi ma'aunin zafi na ɗaki, irin mai batir da ke riƙe mafi zafi da mafi sanyin da aka yi a yini. Ka ajiye shi ƙasa-ƙasa, daidai inda kejin zai zauna. Ka duba shi mako guda cikin bazara, musamman daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma, kuma ka haɗa da ranakun da aka ɗauke wuta, don su ne za su gaya maka gaskiya. In ba ka da hanyar riƙe ɗakin ƙasa da digiri 27 dare da rana, ka haƙura da faret. Ka nemi kyanwa, wadda kakanninta 'yan ƙasar zafi ne.

Hanyar da ta tabbata ita ce AC da ke da abin dogaro bayan wutar gari, wato sola da batir ko janareto. AC mai doki ɗaya yana cin wajen wat 700 zuwa 900 in yana aiki sosai, don haka mai haɗa sola ya yi maka lissafi a kan dare ma, kada ya tsaya kan rana kawai. Ɗakin ya zama mai silin, tagarsa ba ta kallon yamma, kuma ƙarami, don ƙaramin ɗaki ya fi saurin sanyi ya fi riƙe shi.

Fanka kaɗai yaudara ce. Kai kana jin daɗinta ne don tana busar maka da gumi, shi kuwa ba gumin, iska mai zafi kawai take kaɗa masa. Na'urar sanyi mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara, tana taimakawa a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe ƙayau. Da hadari ya fara haɗuwa iska ta yi laima, amfaninta ya ragu ƙwarai, alhali lokacin ne zafi ya fi takura.

Ko kana da AC, ka tanadi waɗannan don ranar da komai ya tsaya. Gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi guda huɗu zuwa shida a firiza, ana juya su. Ka naɗe ɗaya da tsohuwar safa ko tsumma ka sa a keji, kada ya kwanta kan ƙanƙara tsirara. Ka san mai ƙanƙara mafi kusa da gidanka tun kafin ka buƙace shi. Falle ɗaya na tayil a kusurwar keji yana ba shi wurin miƙe ciki. Sai tukunyar ƙasa: ka samu matsakaiciyar randa marar fenti, ka kwantar da ita a gefenta, ka tokare ta kada ta mirgina, ka rufa mata jiƙaƙƙen buhun algarara. Ruwan da ke tashi daga jikinta yana sanyaya cikin, irin dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya. Faret yana son rami da ma, zai shige da kansa. Duk waɗannan na ɗan lokaci ne, awanni suke saya maka kafin wuta ta dawo.

Ka haddace alamun bugun zafi. Faret mai lafiya ba ya haki baki buɗe kamar kare, in ka ga haka an riga an shiga haɗari. Sai dalalar miyau, dasashi da tafin ƙafa su yi jawur, jiki ya saki, daga nan amai ko farfaɗiya. Ka ɗauke shi zuwa wuri mafi sanyi, ka jiƙa masa ƙafafu da ciki da matsematsi da ruwan randa, sannan ka kunna masa fanka, don yanzu da jikin ya jiƙe za ta yi aiki. Kada ka tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara: jijiyoyin fata za su tsuke, zafin ya maƙale a ciki. In yana cikin hayyacinsa ka ba shi ruwa ya lasa da kansa, ban da ɗura. Ko ya farfaɗo ka kai shi wurin likita, domin ƙoda da hanta kan taɓu ba a gani sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Hunturu kuwa lokacin shagalinsa ne. Sanyin Disamba da Janairu da ke sa mu jin wuta, shi a nan yake ƙara ƙiba da gashi. Ka tare masa ƙura, amma kada ka daina duba ma'aunin zafin, don ko da hunturu zafin rana kan wuce digiri 30.

Mataki na biyu: samo shi, da tabbatar da cewa shi ne

Faret ba dabbar dajinmu ba ce. Duk wanda ka gani a Najeriya, ko shi ko iyayensa daga waje suka zo. Mai shigo da shi yana buƙatar izini daga ofishin babban likitan dabbobi na tarayya a Abuja da takardar lafiya daga ƙasar da ya fito, kuma jami'an NAQS, hukumar da ke tantance dabbobi da tsirran da ake shigowa da su ƙasar, suna duba dabba a filin jirgi. In a hannun wani za ka saya, ka nemi katin rigakafinsa, ka tambayi shekarunsa, abincin da ya saba ci, da ko an yi masa fiɗiya ko an cire mata mahaifa.

A yi hattara da mai kawo ɗan tunku ko ɗan bodari cikin kwali ya ce faret ne. Bodari baƙi ne da fararen zane huɗu daga kai zuwa gindin wutsiya. Faret yawanci ruwan ƙasa ne mai duhu a ƙafafu da wutsiya, ƙarƙashin gashin fari-fari, da baƙin zagaye a ido, ko kuma fari fat mai jan ido. Dabbar da aka kamo a daji ba ta horuwa kamar shi, kuma tana iya zuwa da ciwon haukan kare.

Kada ka karɓi wanda bai kai sati 8 ba. Ka duba ido garau, hanci ba majina, gindi ba alamar zawo, kunne ba baƙin datti. In da hali ka ɗauki biyu, don suna ɗebe wa juna kewa, amma ka lissafa komai sau biyu. Ɗauko shi kuma da asuba ko da dare, a mota mai AC, cikin akwatin ɗaukar kyanwa da gorar ƙanƙara a gefe. Ban da but, ban da barinsa a mota a tsaya cin abinci a hanya.

Mataki na uku: keji da ɗakin wasa

Mai walda zai iya haɗa maka keji mai kyau in ka ba shi awo. Ga ɗaya ko biyu, tsawo santimita 90, faɗi 60, tsayi 90 zuwa 120, da hawa biyu ko uku. Tazarar ƙarfe da ƙarfe kada ta wuce santimita 2.5, don in kansa ya wuce, jikinsa ya wuce. Kada ƙasan ya zama ragar waya, tana cin tafin ƙafa tana karya farce. A shimfiɗa ledar ƙasa mai kauri ko tayil. Ka ce masa ya goge duk tsinin walda, ƙofa kuma ta zama mai sakata da ɗan kwaɗo, domin faret yana koyon ture sakata. Katako ba ya yi: yana shan fitsari, warin ba ya fita har abada.

Ciki ka sa wurin barci mai duhu. Tsohuwar riga ko ƙafar wando ta isa, sai lilo na yadi da aka ɗaure a kusurwa huɗu, wanda tela zai ɗinka maka cikin minti goma. Ka guji tawul mai zare-zare, yana kama farce. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi ko wanda ake maƙalawa a jikin keji, in ba haka ba zai kifar da shi don wasa, ka dawo ka tarar ya yini da ƙishi. Yana shan wajen mililita 75 zuwa 100 a rana, ya fi haka da zafi. Kwano biyu ya fi ɗaya.

Yana barci awa 14 zuwa 18, amma sauran lokacin sai ya fito. Awa 3 zuwa 4 kullum a wajen keji, rabi da safe rabi da yamma, don a lokutan nan ya fi kuzari. Kafin ka sake shi, ka durƙusa ka kalli ɗakin daga ƙasa. Rariyar banɗaki, ramin da aka huda don bututun AC, ƙarƙashin ƙofa, yagaggiyar ragar taga, bayan firji, duk a toshe. Kujerar kushin yana huda ta ta ƙasa ya shige ciki, mutum ya zo ya zauna a kansa. Bokitin ruwa a rufe shi. Tsakar gida ba wurin sakinsa ba ne: ga rana, ga magudanar ruwa da ke fita waje, ga rijiya.

Abin da ya fi kai ƙananan faret ɗakin tiyata shi ne haɗiye roba da soso. Hanjinsa siriri ne kamar biro. Silifas, soson katifa, balan-balan, robar ɗaure kuɗi, kan abin sauraron waya, magogin fensir na 'yan makaranta, ledar fiya wata, duk a kwashe. Kayan wasa masu aminci suna da arha: bututun ruwa mai faɗin inci 4 ya riƙa bi ta ciki, kwali, ƙwallon tebur. Tunda ƙasar shinkafa muke, ka cika babbar roba da ɗanyar shinkafa ka bar shi ya yi ta tono kana kallo, zai rage maka tonon kafet.

Sai maganar da za ta iya haɗa ka da mutanen gida. Faret maharbi ne. 'Yan tsakin Inna, tantabarun ƙanenka, salwa, zomo, duk nama ne a wurinsa, kuma ba horon da zai cire masa wannan. Saboda irin ɓarnar da yake wa tsuntsaye in ya kuɓuce ne aka hana kiwonsa a jihohin Kalifoniya da Hawai na Amurka. Ƙofa biyu a rufe tsakaninsa da akurki. Haka jariri: kada a bar su ɗaki ɗaya ba babba, ko na minti ɗaya.

Mataki na huɗu: abinci

Nama zalla jikinsa ya sani. Hanjinsa gajere ne, abinci yana wucewa cikin awa 3 zuwa 4, ba ya iya narkar da hatsi ko ganye. Wannan ya sa yake ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma barinsa da yunwa yini guda illa ce.

Hanya ta farko busasshen abinci na leda. In an samu wanda aka yi don faret, madalla. In babu, na 'ya'yan kyanwa mai kyau yana tsayawa. Ka karanta bayan ledar: furotin kashi 32 zuwa 40, kitse 18 zuwa sama, harza ƙasa da kashi 3, kuma abu na farko da na biyu a jerin kayan haɗi su zama nama. In masara ko alkama ce a gaba, ajiye. Abincin kare bai isa ba sam. Busasshen abinci ana barinsa a kwano dare da rana. Ledar kuma a rufe ta a wuri mai sanyi, don kitsen ciki yana hamami da zafi, shi kuwa da ya ji ya canza ya daina ci.

Hanya ta biyu ɗanyen nama, wadda ta fi sauƙin samu a garuruwanmu amma ta fi son lissafi. A mako, kashi 80 tsoka, kashi 10 ƙashi mai taunuwa, kashi 10 kayan ciki, rabinsu hanta. Tsokar ta haɗa da zuciya ko yaushe, don a nan ake samun wani sinadari mai suna taurine da zuciyarsa ke buƙata. Fiffike da wuyan kaza ɗanye su ne ƙashin, ƙundu yana goge haƙora. Ka riƙa juya nama iri uku aƙalla: kaza, akuya ko rago, sa, salwa ko zabo. Babban faret yana cin wajen kashi 10 na nauyinsa a rana, wato mai kilo 1 gram 100, a raba biyu ko uku. Ƙanana masu tasowa suna cin fiye da haka, a ba su har su ƙoshi.

Kurakuran da ake yi a nan uku ne. Na ɗaya, a ba shi jan nama kawai ba ƙashi, sai ƙashinsa ya yi laushi saboda rashin kalsiyam, musamman ɗan ƙarami. Na biyu, dafaffen ƙashi, wanda ke tsagewa ya huda hanji. Na uku, a bar nama a kwano. Ka raba naman mako ƙulli-ƙulli ka sa firiza, ka fitar da na rana, abin da bai ci ba cikin awa ɗaya ka kwashe. Ka leƙa maɓoyarsa kullum, don yana ɓoye nama bayan kabad, sai wari ya sanar da kai.

Kazar da ta mutu da kanta, ko wadda aka yi saurin yankawa don ta kwanta, kada ta kusanci kwanonsa. Faret yana kamuwa da murar tsuntsaye cikin sauƙi, cutar kuwa tana ɓulla a gonakin kaji a Najeriya tun 2006.

Yara za su so su ba shi abin da ke hannunsu, shi kuma zai karɓa. Ka gaya musu da Hajiya baki ɗaya: ban da fura da nono da madara, suna sa shi zawo. Ban da dabino, alewa, biskit, rake, cakulan da zabibi. Ban da tsire, kilishi da balangu, saboda gishiri, yaji, albasa da tafarnuwa. Tuwo da burodi ba su da amfani gare shi. Kifi sabo ɗan kaɗan sau ɗaya a mako ba laifi, amma yana ƙara wa kashi wari. Ƙwai ɗaya ko biyu a mako ya isa lada.

Faret yana kafa abin da ya ɗauka abinci ne tun yana wata 4 zuwa 6. Wanda ya girma kan busasshe zai kalli nama kamar dutse. Saboda haka ɗan ƙarami a ɗanɗana masa iri-iri da wuri. Babba kuwa a canza masa a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, ana cuɗa sabo da tsoho, ko a markaɗa naman da ruwa a shafa masa a leɓe.

Makon farko: fo da cizo

Kwana biyu na farko ka ƙyale shi ya saba da ɗakin, kada a tara masa 'yan kallo. Ɗabi'arsa ce ya ja da baya zuwa kusurwa ya yi kashi, yawanci cikin minti 15 da farkawa. Ka sa faffaɗar roba mai ƙasa-ƙasan baki da dogon baya a kusurwar da ya zaɓa da kansa, ka ɗaure ta. Ka zuba yagaggiyar jarida, ka bar ɗan kashinsa ciki da farko. Da ya farka, kada ka fito da shi sai ya yi. Kusurwar da ba ka so ya ɓata, ka sa mata tsumman barcinsa, ba ya kashi inda yake kwana. Dusar katako da yashi mai laushi suna shiga hanci su sa tari, ƙasar kyanwa mai dunƙulewa kuma tana toshe hanji in ya lasa. Ko ya horu zai riƙa kuskure jefi-jefi, ka sa fo na biyu a ɗakin wasa.

Ƙanana suna cizo don haka suke wasa da 'yan'uwansu, fatarsu ta fi tamu kauri. In ya cije ka, kada ka fizge hannu, kada ka doke shi ko ka ɗalle masa hanci, tsoro ke mai da shi mai cizon gaske. Ka ce "a'a" da murya ɗaya, ka ajiye shi cikin akwatin da ba komai minti 2 zuwa 3, ka fito da shi a ci gaba. Kowa a gidan ya yi haka. Wajen ɗauka, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallabi ƙugu.

Wata rana za ka ɗaga shi ka ji ya saki kamar tsumma, ka kira ka girgiza shiru. Kafin ka yi salati ka taɓa ƙirjinsa ka duba dasashi. In jiki da ɗumi daidai, numfashi a natse, dasashi ruwan hoda, nauyin barci ne da aka san su da shi.

Mataki na biyar: likita

Ka nemo likitan dabbobi tun kafin dabbar ta iso, ka gaya masa abin da za ka kawo don ya shirya. Don aikin tiyata ko gwajin jini, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana nan, tafiyar wajen awa biyu daga Birnin Kebbi.

Rigakafi biyu ne wajibi. Na farko na distempa, cutar karnuka da kusan duk faret ɗin da ta kama sai ta kashe shi. Tana farawa da kwantsa da majina, ƙuraje a haɓa, tafin ƙafa ya yi kauri. Ba sai ya haɗu da kare ba, takalminka ma yana kawo ta. Ana allurar a sati 8, 11 da 14, sannan a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Kada a ɗauko allurar karnuka mai haɗe-haɗe a soka masa kai tsaye, wasu nau'o'inta suna iya sa masa cutar. Na biyu na haukan kare, daga wata 3, sannan duk shekara. Bayan kowace allura ka zauna a asibitin minti 30, don wasu jikinsu yana ƙin ta, su kama amai da zawo nan take. Kada a yi biyun rana ɗaya.

Murarka ma tana kama shi, tasa tana kama ka. In kana mura, wani ya ba shi abinci.

In mace ce, ga abin da sabbin masu kiwo ba su sani ba sai ya zo. Idan ta shiga neman barbara, gabanta ya kumbura, ba ta fita daga wannan hali sai namiji ya hau ta. In ta wuce wata guda a haka, sinadarin da jikinta ke fitarwa yana kashe ɓargo, jini ya ƙare, dasashi ya yi fari, ta mutu. Mafita ita ce cire mahaifa, ko allurar da ke katse yanayin, ko ɗan maganin da ake dasawa ƙarƙashin fata mai suna Suprelorin. Ka yanke shawara da likita kafin ta kai wata 6, kuma kumburin ya kwana 10 ka tafi asibiti. Namiji marar fiɗiya kuwa wari da faɗa ne matsalarsa.

Sauro yana sa masa tsutsar zuciya, kuma zuciyar ƙarama ce, tsutsa ɗaya ko biyu sun isa. Raga a taga, gidan sauro kan keji da damina, da maganin ɗigawa a ƙeya duk wata wanda likita ya auna, wanda ke kashe ƙuma da ƙwaron kunne ma. Kada a fesa Sniper ko fiya-fiya, ko a kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗakinsa. Maganin ɓera a fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, don ko ɓeran da ya ci guba ya kama, ta same shi. Farasitamol da ibuprofen kuma, guntun ƙwaya yana iya kashe shi.

Wari, farce, kunne

Warin daga maiƙon fatarsa yake fitowa. Yawan wanka yana ƙara shi, don fatar na bushewa sai ta ninka maiƙon. Wanka da sabulu sau ɗaya a wata ya yi yawa ma, wata biyu ko uku ya fi. Abin da ke rage wari shi ne kwashe fo safe da yamma da wanke tsummokan barci duk mako. Turaren wuta da na tsinke a bar su a ɗakin Hajiya, huhunsa ba ya ɗauka.

Farce duk sati biyu. Ka ɗiga masa ɗan man kifi ko gwaiduwar ƙwai a ciki, yana lasa kana yankewa, ka tsaya kafin jan da ake hangowa cikin farcen. In jini ya fito, danna garin sitaci. Kunne a goge bakinsa da auduga sau ɗaya ko biyu a wata, ban da zurawa ciki.

Alamun da ba a kwana da su

Ka auna shi duk wata a sikelin kicin ka rubuta. Ƙiba da hunturu da ɗan rama da bazara al'ada ce, rama mai ci gaba kuwa ba al'ada ba ce.

Ya ƙi abinci, yana yunƙurin amai, yana cizon haƙora, kashi ya zama siriri kamar zare ko babu: toshewar hanji ce har sai an tabbatar ba ita ba, kuma awanni ake ƙirgawa. Kada a ɗura masa manja ko man gyaɗa. Baƙin kashi kamar kwalta jini ne daga ciki. Namiji yana nishi fitsari ba ya fita, a tafi yanzu.

Daga shekara 3 zuwa sama cuta biyu ke yawan zuwa. Ɗaya ƙari ne a gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, sai sukarin jini ya faɗi: ya tsaya ya ƙura ido wuri ɗaya, miyau na zuba, yana kai hannu baki, ƙafafun baya na ja. In ya faɗi, ka shafa masa ɗan zuma a dasashi da kan tsinken auduga, da ya dawo ka ba shi nama, sannan asibiti. Zumar ta gaggawa ce kawai, in aka mai da ita abin kullum ciwon ƙaruwa yake. Ɗayar ta ƙananan gaɓoɓin da ke saman ƙoda ce: gashi ya fara zuba daga wutsiya ya hau baya ta gefe biyu daidai, macen da aka cire wa mahaifa gabanta ya sake kumbura. Ana riƙe ta da dashen nan na ƙarƙashin fata ko tiyata. Yawan hasken lantarki da dare yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ita, don haka a kashe masa fitila ya samu duhu sosai.

In ya ɓace, ka fara da cikin gida: aljihun kabad, cikin kushin, buhunan ɗakin ajiya, kwandon wanki. Tun yana ƙarami ka saba masa da wata ƙara guda, kamar kaɗa gwangwanin abinci, duk lokacin da za ka ba shi lada, ranar ɓata ita za ta fito da shi. In ya fita waje ka ajiye tsumman barcinsa da ruwa a inuwa bakin ƙofa, ka bi maƙwabta da hotonsa a waya kafin wani ya gan shi kusa da akurki ya ɗauko taɓarya.

Tafiyar Sallah ko biki kuma, wanda za ka bar wa shi ya kwana biyu yana yi kana gani. Ka rubuta masa lambar likita da ta mai ƙanƙara a jikin kejin, ka nuna masa ma'aunin zafin, ka ce in ya ga 28 ya kira ka ko tsakar dare ne.